Magena ta ƙi cin abinci, in ba ta farasitamol?

Tambaya: Salam Anti, magena kwana 3 ba ta cin abinci, na kai ta asibitin dabbobi likita ya yi mata allura bai ce komai ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. In ƙara mata da farasitamol? Daga wata 'yar uwa a Zariya.

Amsa: Kul 'yar uwa! Hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya ma tana iya kashe ta. Ki koma wajen likitan, ai ke kike kwana da ita, ki faɗa masa ko tana amai ko zawo, ki tambayi abin da yake zargi da sunan allurar ya rubuta miki a kati. Kuɗinki fa kika biya, kunyar me?