Tambaya da Amsa: Ruwa Ba Ya Tsami Banza, Haka Ma Rigimar Yaro

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar aji uku ce a firamare, yara 74 ne a ajina. Akwai wani ɗan shekara takwas, da zarar na ce a fito da littafin lissafi sai ya hau buga benci, ya tsokani na kusa da shi, ya yi kukan akuya aji ya kwashe da dariya. Na yi bulala, na sa tsallen kwaɗo, yanzu korarsa waje nake yi. Kullum jiya i yau. Me ya rage mini? (Wata malama, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Rabin amsar tana cikin wasiƙarki: "da zarar na ce a fito da littafin lissafi." Duk halin da yaro ya yi ta maimaitawa, akwai ribar da yake ci a ciki, kuma masu nazarin ɗabi'a sun kasa ribar gida huɗu: a kula shi, ya kuɓuce wa abin da ke masa wuya, ya samu wani abu a hannu, ko jikinsa ya ji daɗin abin, kamar mai jijjiga ƙafa. Da alama yaronki riba biyu yake ci, dariyar aji da fita waje. A wurinki kora hukunci ce, a wurinsa kuwa albashi ne, tunda ta raba shi da lissafi. Bulala ma tana tsayar da shi na ɗan lokaci ne kawai, ba ta koya masa ɗebewa, kuma jiki yana sabawa har sai an ƙara ƙarfin hannu.

Kafin ki canza komai, ki ware shafi ɗaya ki raba shi uku: me ya faru kafin abin, me ya yi, me ya biyo baya. Ki cike shi daga Litinin zuwa Juma'a, da abin da ido ya gani: "ƙarfe 10:20, an dawo daga tara, ya buga benci sau shida, na kore shi." Kada ki rubuta "ya yi rashin kunya", don rashin kunya ba ta ƙirguwa, ba za ki san ko ta ragu ba.

Sannan wata rana bayan an tashi, ku biyu kawai, ki ba shi tarawa da ɗebewa irin na aji ɗaya. Yara da yawa sun gwammace a ce musu marasa ji da a ce musu daƙiƙai. Ki tsayar da shi a bayan aji ya karanta allo da ido ɗaiɗai, ki kuma kira sunansa a hankali ta bayansa. Idan ido ko kunne ne, asibiti ya kamata, ba dorina ba.

Idan lissafin ne ya fi ƙarfinsa, ki dawo da shi bencin gaba kusa da teburinki. Maimakon tambaya goma, ba shi uku da zai iya. Ku shirya alama tsakaninku, misali ya kife littafinsa idan ya maƙale, ke kuma ki zo kafin ya kai ga buga benci. Ya gama ukun, sai ya goge allo ko ya karɓo alli a ofis. Fitar da yake so zai same ta, amma bayan aiki, ba bayan hayaniya ba. Yabo kuma ya zo nan take, a faɗi abin da aka yaba: "Na ga ka gama biyu ba ka tashi ba, madalla." Ana shawartar malamai su yi yabo huɗu ko biyar ga kowane faɗa ɗaya.

Ga inda aka fi faɗuwa. A kwanakin farko abin zai ƙaru, don abin da ya saba biya masa buƙata ya daina, zai ƙara ƙarfi ya gani. Idan kika gaji rana ta uku kika kore shi, kin koya masa cewa maganin Malama shi ne a ƙara murya. Ki daure mako biyu. Duka ko jifa kaɗai ake tsayarwa nan take.

Saura dariyar aji. Akwai wani wasa da aka gwada a wani ajin firamare a jihar Kansas ta Amurka, aka wallafa sakamakonsa a 1969, kuma ya dace da aji mai cunkoso. Ki raba yara rukuni-rukuni bisa layin benci, ki rubuta doka uku a allo, ki ce na minti goma ne. Duk wanda ya karya doka, rukuninsa ya samu zanen alli ɗaya a allo, ba wa'azi, ba kiran suna. Duk rukunin da zanensa bai wuce huɗu ba ya ci, ko da dukkansu ne. Kyautar ba ta kuɗi ba ce: su fara fita, ko su zaɓi waƙar tashi. Ke za ki riƙe allin, kada ki ba monita, in ba haka ba za a tare shi a hanya. Wanda kuma ke kayar da rukuninsa da gangan, ki mai da shi rukuni shi kaɗai na 'yan kwanaki.

Tambaya: 'Yata shekararta uku. Ta ji mai tallan alawa sai ta faɗi tana birgima, wani lokaci har ta shiɗe. In na hana, surukata ta saya mata. Ya zan yi? (Wata uwa, Maraɗi)

Amsa: 'Yar'uwa, birgima a wannan shekarun ba baƙon abu ba ce. Abin da ke raya ta shi ne yau a hana, gobe a bayar. Halin da ake biyansa jefi-jefi ya fi wanda ake biya kullum wuyar mutuwa, don yarinya ta san in ta dage wata rana za ta dace.

Saboda haka aikin farko ba da yarinyar ba ne, da Hajiya ne, kuma mahaifin yarinyar ya fi dacewa ya yi maganar, a keɓe. Kada a ce kaka ta daina ba jika alawa, wannan rigima ce da ba mai cin ta. A roƙe ta ta mai da kyautar bayan la'asar, lokacin da yarinya take zaune lafiya, a bar wa kaka ladar bayarwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya: tun da safe ki gaya mata, "Yau ba alawar talla, ta Hajiya sai la'asar." In ta faɗi, ki janye kurfoti da wuƙa daga kusa, ki faɗi maganarki sau ɗaya, ki ci gaba da aikinki inda kina ganinta. Tana yin shiru ki ɗauke ta. In ta yi duka ko cizo, ta zauna a tabarma gefe minti uku, wato minti ɗaya ga kowace shekara, ba a ɗaki mai duhu ba, ba da barazanar dodo ba. Ki duba barcinta ma: 'yan shekara 3 zuwa 5 suna buƙatar awa 10 zuwa 13, har da na rana.

Shiɗewar kuwa, in ta zo, ki kwantar da ita a gefe ɗaya, kada a girgiza ta, kada a ɗura mata ruwa. Yawanci numfashi kan dawo cikin minti ɗaya. Amma ki kai ta asibiti a auna jininta, don ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana da alaƙa da irin wannan shiɗewa, likita kuma ya tabbatar ba wani abu ba ne.

Tambaya: A Islamiyyarmu akwai yarinya 'yar shekara bakwai, tana cikin karatu sai ta ƙura ido ta yi shiru, a kira ta ba ta amsa, can ta ci gaba kamar ba komai. Raini ne? (Wani malami, Sakkwato)

Amsa: Allah gafarta Malam, kada a dake ta. Mai dogon tunani in an taɓa kafaɗarsa zai waiwayo. In ita ba ta waiwayowa, abin yana ɗaukar daƙiƙa goma zuwa ashirin, yana zuwa sau da yawa a rana, wani lokaci da ƙifta ido ko motsa baki, to yana iya zama wani nau'in farfaɗiya da ba ya kayar da mutum, kuma yana jin magani. Ka ƙirga sau nawa yake faruwa, ka sanar da iyayenta a asirce, su ɗauki bidiyon abin a waya su nuna wa likitan yara. Shi zai tura su gwajin ƙwaƙwalwa da ake kira EEG idan ya ga da buƙata.