Sun yi kaka-gida a gidan da mahaifinmu ya bari

TAMBAYA: Malam, gidan da mahaifinmu ya bari ya yi wata takwas a kulle saboda ba a gama rabon gado ba. Da na je dubawa sai na tarar an sauya kwaɗo, ga shanya a igiya, wani mutum da iyalinsa a ciki. Ya nuna min takardar haya mai sa hannun wanda ba mu sani ba. Ƙannena sun ce a watso kayansu waje. Na ji wai akwai dokar fitar da irinsu nan take. Gaskiya ne?

AMSA: 'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan mahaifinku. Ki fara riƙe ƙannenki, don Allah. Ɓalle ƙofa da watsar da kaya na iya mayar da mai gaskiya wanda ake tuhuma.

Dokokin akwai su, amma kowace ƙasa da tata. A Ingila tun Satumban 2012 kaka-gida a gidan zama laifi ne, hukuncinsa har ɗaurin wata 6. Faransa a 2023 ta ɗaga nata zuwa shekara 3 da tarar Yuro 45,000. Jihar Florida ta Amurka ce ta fi kusa da abin da kika ji: daga 1 ga Yulin 2024, mai gida na miƙa koke a rubuce bisa rantsuwa, jami'an tsaro su fitar da mai kutse ba sai an jira shari'a ba. Amma fa da sharaɗi. Kada ya zama ɗan haya na yanzu ko na da, kada ya zama ɗan uwan mai gidan na kusa, kuma wanda aka fitar bisa zalunci yana iya karɓar diyyar ninki uku na kuɗin hayar gidan.

Takardar nan ita ta fi tsaya min a rai. Sau da yawa mutumin da kika gani shi ma damfararsa aka yi, ya biya wani ɗan damfara kuɗin shekara. Wani lokaci kuma, ki yi haƙuri da wannan maganar, ɗaya daga cikin magada ne ya ba da hayar a ɓoye. Idan haka ne, magana ta koma kotu.

Saboda haka ki ɗauki hoton takardar, ki tambayi kowane magaji ido da ido, sannan ki tafi wurin lauya da takardun mallaka da shaidar rasuwa. Kada ki karɓi ko sisi daga hannun mutumin, domin ana iya ɗaukar hakan a matsayin kin amince da hayar.