Na kwafa Windows a filas amma kwamfuta ta ƙi tashi da shi

Ɗan'uwa, ka ce ka kwafa fayil ɗin ISO na Windows 10 (wato fayil guda da ke ɗauke da duk abin da ake buƙata don saka Windows) cikin filas, amma kwamfutarka ta HP ta ƙi tashi da shi. Filas ɗin lafiyarsa ƙalau. Kwafa kawai ba ta wadatar, sai an rubuta ISO ɗin da manhajar da za ta ba filas damar tayar da kwamfuta.

Ka sauko da Rufus, kyauta ake samunta. Nemi filas mai aƙalla 8GB, ka kwashe duk abin da ke cikinsa tukuna, domin Rufus za ta goge shi tas.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne zaɓi a cikin Rufus tsakanin GPT da MBR, wato hanyoyi biyu na tsara filas ɗin. Idan kwamfutar na aiki da UEFI (sabon tsarin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows), kamar yawancin na yanzu, zaɓi GPT. In tsohuwa ce mai BIOS irin na da, sai MBR. Kuskure a nan yakan sa filas ya ƙi bayyana sam, mutum ya ɗauka ya lalace.

Da Rufus ta gama, kashe kwamfutar, ka kunna kana danna F9 har jerin na'urori ya fito, sannan ka zaɓi filas ɗin. A Dell F12 ne.

Don Allah ISO ɗin ya kasance daga shafin Microsoft ka samo shi.