Yaro ya warke daga ciwon maƙogwaro, sai fuska ta kumbura, ga tari

'Yar'uwa daga Garwa, kin ce ɗanki mai shekara 7 ya yi ciwon maƙogwaro mako 2 da suka wuce, yanzu yana tashi da kumburin fuska, fitsarinsa kamar baƙin shayi, tarin kuma bai tafi ba. Allah ya ba shi lafiya.

Ki kai shi asibiti yau. Wannan ya yi kama da kumburin ƙoda da ke biyo bayan ƙwayar cutar sitireb, wadda ke jawo ciwon maƙogwaro da ƙurajen fata. Garkuwar jiki ce, a yaƙin da take yi da ƙwayar, take taɓa matatar ƙoda, sai ruwa da gishiri su taru, jini ya fita a fitsari. Yakan bayyana mako 1 zuwa 3 bayan ciwon maƙogwaro, ko 3 zuwa 6 bayan ƙurajen fata, har da ƙazuwar da ta yi mugunya. A auna hawan jini, a gwada fitsari da jini. Mafi yawan yara suna warkewa sarai.

Ki rage gishiri, Maggi da kanwa sosai a miyarsa. Kada ki ba shi ibuprofen ko diclofenac, kuma don Allah ban da jiƙo, suna ƙara wa ƙoda nauyi. In ciwon kai ya tsananta, ko jijjiga, ko fitsari ya ragu, ku tafi ko da tsakar dare ne.

Tarin bayan mura kan kai mako 3 zuwa 8, ƙurar hunturu tana tsananta shi. Amma nan ki gaya wa likita, don ruwan da ya taru yana iya shiga huhu. Tarin da ya wuce mako 2 da rama da gumin dare kuwa, a yi gwajin tarin fuka.