Hukuncin gudun wuce ƙa'ida da ƙyafta wa direbobi fitila a hanyar Kumasi zuwa Accra

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni direba ne, ina zaune a Aboabo, ina jan motar fasinja ƙirar Sprinter tsakanin Kumasi da Accra a ƙasar Ghana. Motar ba tawa ba ce, akwai kuɗin da mai ita ya yanka mini in kawo masa kowace rana, kuma in ban taka mota ba lodi na biyu yakan wuce ni. Shin wuce adadin gudun da gwamnati ta sa zunubi ne, ko kuwa laifi ne tsakanina da 'yan sanda kawai, tunda ba shari'ar Musulunci ake bi a ƙasar nan ba? Sannan mukan ƙyafta wa juna fitila idan masu na'urar auna gudu suna gaba, in kuma an kama mutum yakan miƙa ɗan na goro ya wuce. Abokan aikina suna cewa wanda kwanansa bai ƙare ba ko ya yi gudu nawa ba zai mutu ba. Mene ne gaskiyar al'amari?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwana, da ka kawo wannan tambaya a fili, domin masu yin abin da ka faɗa suna da yawa, masu tambayar hukuncinsa kuwa kaɗan ne.

Wuce ƙa'idar gudu da gangan haramun ne, mai yinsa yana da zunubi ko ya isa lafiya, kuma ko babu ɗan sanda ɗaya a hanya. Dalilin farko bai rataya da gwamnati ba ma. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku da hannuwanku cikin halaka, ya kuma ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku kashe kawunanku. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. Kai kuwa ba kai kaɗai ba ne a cikin motar. Duk wanda ya biya kuɗinsa a tasha ya zauna a bayanka ya damƙa maka ransa amana ne bisa cewa za ka kai shi ta hanyar da aka saba, bai ba ka izinin yin caca da shi don ka samu lodi na biyu ba. Mai tallan burodi a Nkawkaw da ke bin motoci da faranti a ka, da ɗan makarantar da ke tsallaka titi a Konongo, su ko shawara ba a yi da su ba.

Akwai hadisin da na fi son direbobi su riƙe. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ranar da Annabi ya taso daga Arafa ya ji a bayansa ana tsawa ana dukan raƙuma, sai ya yi nuni da bulalarsa ya ce: ya ku mutane, ku lizimci natsuwa, domin aikin alheri ba ya cikin gaggawar tafiya. Raƙuma ne fa, mutanen kuma ibada suke gaggawar cim ma. Haka nan ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani Musulmi rauni. Idan an hana sakaci da tsinin kibiya a kasuwa, to ina ga ƙarfe mai ɗauke da mutum goma sha da kayansu yana ratsa gari?

Game da cewa ba shari'ar Musulunci ake bi ba, wannan bai sauke maka komai ba. Ranar da ka je hukumar DVLA ka karɓi lasin, ka karɓe shi ne bisa sharaɗin bin dokokin hanya, wannan kuwa alkawari ne, kuma Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ba tare da ya ware alkawarin da aka ƙulla da wanda ba Musulmi ba. Dokar da ake aiki da ita, wato ta zirga-zirgar hanya ta 2004 da ƙa'idojinta na 2012, ta sa kilomita 50 a awa a cikin gari, 90 a babbar hanya, 100 a kan motowe irin ta Accra zuwa Tema, da 30 a kusa da makaranta, asibiti, kasuwa, masallaci ko coci. Babu abu ɗaya a nan da ya saɓa wa addini, hasali ma kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar da shari'a ta zo ta tsare. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na takwas a Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne a addini, kuma ya halatta hukuma ta hukunta mai karya su, har da cin tara ta kuɗi.

Waɗannan lambobi ba a zaɓe su don takura wa direba ba. Motar da ke tafiyar kilomita 120 a awa tana cin fiye da mita 33 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafarka ta bar totur ta sauka kan birki ka riga ka wuce tsawon sahu mai yawa na masallacin Juma'a. Nisan da birki ke buƙata kuma ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa yakan ninka huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mummunan karo mai kisa da kashi 4 cikin 100. Ribar kuma nawa ce? Tsakanin Kumasi da Accra kimanin kilomita 250 ne. A lissafin takarda, mai tafiyar 90 zai yi kusan awa biyu da minti 47, mai tafiyar 120 kuma awa biyu da minti 5, bambancin bai kai minti 45 ba, kuma kai ka fi ni sanin yadda cunkoson Ejisu da na shiga Accra ke cinye wannan bambanci.

Na taɓa zama a gaban mota a wannan hanya bayan sallar Asuba. Mun wuce Juaso, na ga allurar maleji ta haura 130, direban yana tauna goro, idanunsa jawur, alamar bai yi barcin kirki ba. Ya fita zai wuce tirela a kan kwana, sai ga wata babbar mota ta ɓullo, wata tsohuwa a bayana ta riƙe kujerata tana salati da ƙarfi har muka koma hannunmu da ƙyar. Bayan nan ya ce mini, Malam, Allah ne ke tsarewa. Na ce masa gaskiya ne, kuma Allah ɗin da ya tsare mu zai tambaye shi a kan firgicin da ya jefa tsohuwar nan a ciki, domin bai halatta a tsorata Musulmi ba. Ƙasar nan tana rasa fiye da mutum 2,000 a kan hanya kowace shekara a 'yan shekarun nan, kuma mutanen zango ba su manta da karon motoci biyu kusa da Kintampo a watan Maris na 2019 ba, inda fiye da mutum 50 suka rasu a dare ɗaya.

Maganar abokan aikinka kalma ce ta gaskiya da aka ajiye ba a muhallinta ba. Ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan imaninmu ne. Amma da ƙaddara hujja ce ga mai sakaci, da Allah bai wajabta diyya da kaffara a kan wanda ya kashe rai bisa kuskure ba, alhali shi ma mamacin kwanansa ne ya ƙare. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Sai ya amsa: muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Mutumin da ya tambayi Annabi ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, an ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Addu'ar hawa abin hawa da kake karantawa a tasha tana tafiya ne tare da duba birki da taya da isasshen barci.

Ya kamata ka san abin da ke kanka idan, Allah ya kiyaye, rai ya salwanta. Malamanmu na Malikiyya sun yi maganar tun zamanin dabbobi: Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa mai kora dabba da mai jan ta da mahayinta suna lamunce abin da ta taka. Direba ya fi su cancantar lamuni, domin dabba tana da nata nufin, mota kuwa sai inda aka juya sitiyari. Idan gudunka ne sanadi, hukuncin kisan kuskure ya hau kanka kamar yadda ya zo a Nisa'i, aya ta 92: diyya ga magada, wadda asalinta raƙuma 100 ne kuma dangin mai laifi na wajen uba ke ɗauka, sai in magadan sun yafe, da kaffara wadda a yau azumin wata biyu ne a jere. Kaffarar ba ta faɗuwa da yafewar magada, babu ciyarwa a madadinta, kuma kowane rai da tasa. Wanda ya yi sanadin mutuwar fasinja biyar yana da wata goma na azumi a wuyansa. Haƙƙin iyalan mamaci yana nan ko shi ba Musulmi ba ne. Abin da kamfanin inshora ya biya su ana lissafa shi cikin haƙƙinsu, amma ba ya ɗauke azumi. Idan kuwa kana kan ƙa'ida, motarka lafiya lau, hankalinka na kan hanya, wani ya faɗo maka ta yadda babu mai iya kauce masa, to babu lamuni a kanka.

Ƙyafta fitila hukuncinta yana bin manufarta. Idan ka ga tirela ta lalace a bayan kwana an zuba ganye a titi, ko shanu suna tsallakawa, ko an yi haɗari a gaba, ka sanar da mai zuwa, kana da lada, wannan yana cikin kawar da cuta daga hanya. Amma ƙyaftawar da kuke yi don ɗan'uwanka ya rage gudu na minti biyu ya wuce masu na'ura sannan ya koma gidan jiya, taimakekeniya ce a kan saɓo, wadda aya ta 2 a Ma'ida ta hana. Na san wani zai ce ai ko ba komai ya rage gudun. Amsa ita ce amfanin na'urar yana cikin rashin sanin inda take, domin direba ya kame kansa a dukan hanya, kai kuma ka ba shi tabbacin cewa sauran hanyar tasa ce. Ka tseratar da shi daga tara, ka bar fasinjojinsa a hannunsa yadda suke.

Na goro kuwa, a halin da ka bayyana, rashawa ce, kuma Annabi ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Sauƙin da wasu malamai suka yi ya shafi wanda aka zalunta ne, aka tsare masa haƙƙinsa, bai da wata mafita. Wanda na'ura ta kama da laifin da ya san ya yi ba ya cikin wannan, sai ya karɓi hukuncinsa ya biya tara ta hanyar da doka ta tsara. Idan ka tabbata ba ka wuce ƙa'ida ba, ka nemi a nuna maka abin da na'urar ta nuna, ka bi haƙƙinka cikin ladabi.

Wanda allura ta ɗan haura masa bisa mantuwa a gangara, ya lura ya rage, babu zunubi a kansa. Mai ɗauke da mara lafiya da ake tsoron rasa shi kafin a kai shi asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi yana da uzuri gwargwadon larura, da sharaɗin kada ya sa wasu rayuka cikin haɗari. Neman lodi na biyu ba ya cikin larurar da ke halatta haram.

Ban raina matsin da kake ciki ba, domin iyali suna jiran cefane, mai mota kuma yana jiran nasa. Amma ka sani, mai motar da ya yanka kuɗin da ya san ba za a same shi ba sai da gudun ganganci ko tuƙi ba barci yana da kaso a cikin zunubin, haka ma fasinjan da ke zuga direba ya taka mota. Ka zauna da shi, in da hali tare da wani dattijo ko shugaban tasharku na ƙungiyar direbobi, ku yi lissafin abin da mota ke iya kawowa a tafiyar ƙa'ida bayan an cire mai, ku sake yanka kuɗin a kansa. Idan ya ƙi, babu biyayya ga abin halitta cikin saɓa wa Mahalicci, sai ka ci gaba da tuƙi a kan ƙa'ida kana neman wata motar. Abin da ya wuce na gudu da na goro, tuba ta wadatar a kansa matuƙar ba ka ji wa kowa rauni ko ka ɓarnata dukiyar wani ba. In kuwa akwai wanda ka taɓa bugewa ka wuce, to sai ka neme shi ko magadansa ka sauke haƙƙinsu.

Wallahu a'alam.