Tambaya da Amsa: Alƙaluman da Ake Auna Mai Binciken Lafiya da Su

Wasiƙun wannan fitowa sun zo ne daga likitoci da malaman jami'a masu shirin miƙa takardun neman ƙarin girma. Inda muka ce “ambato”, muna nufin wani marubuci ya kafa hujja da maƙalarka ya sa ta cikin manazartarsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. An ce in rubuta ma'aunin h nawa a takardar neman ƙarin girma. Google Scholar ya ba ni 11, Scopus kuma ya ba ni 6. Wanne ne daidai, kuma yaya ake lissafa shi? Daga wani likita a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Likita. Duka biyun daidai ne, kowanne a gidansa. Wani masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego, Jorge Hirsch, shi ya fito da ma'aunin a 2005 don auna yawan maƙalun mai bincike tare da yawan ambatonsu, kuma za ka iya lissafa shi da biro da takarda. Jera maƙalunka daga wadda aka fi ambata zuwa ta ƙasa, ka ba kowacce lambar layi. Sai ka riƙa sauka har ka kai layi na ƙarshe da yawan ambatonsa bai gaza lambar layin ba. Wannan lambar ita ce h.

A ɗauka mutum yana da maƙala 12, an ambace su kamar haka: 85, 40, 22, 15, 9, 7, 6, 3, 2, 1, 0, 0. Ta shida tana da 7, ta cika sharaɗi. Ta bakwai tana da 6, ta gaza. Ke nan h ɗinsa 6 ne, alhali jimillar ambatonsa 190. Ka lura da abu guda: ko ta farko ta ƙara samun ambato ɗari, h ba zai motsa ba, amma da ta bakwai ta samu ɗaya tak, ya koma 7. Shi kuwa i10 da kake gani a shafinka na Google Scholar, yawan maƙalun da suka kai ambato goma ne, wato 4 a wannan misali.

Bambancin 11 da 6 ya samo asali ne daga abin da kowane rumbu yake ƙirgawa. Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate suna duba mujallu da littattafai da takardun taron da suka tantance suka ɗauka ne kawai: dole maƙalarka ta kasance a cikinsu, wanda ya ambace ka ma haka. Google Scholar kuwa yana kwaso kundayen digiri, da takardun taro, da babin littafi, da rubutun da ba a kai ga tantancewa ba, wani lokaci ma ya ƙirga abu ɗaya sau biyu. Don haka kusan kullum shi ne a sama. Ka duba ƙa'idar jami'arku ka ga wanda ta nema. In ba ta fayyace ba, rubuta duka biyun, kowanne da sunan rumbunsa da ranar da ka duba, domin alƙaluman suna canzawa.

Tambaya: Na wallafa maƙala 19, amma a Scopus 8 kawai nake gani da sunana. Ina sauran suka shiga? Daga wata malamar koyar da aikin jinya a Kano.

Amsa: Malama, ɗayan biyu ne. Ko dai wasu mujallun ba sa cikin Scopus, ko kuma rumbun ya raba ki gida biyu ko uku. Na biyun yana damun mutanenmu ƙwarai saboda yadda muke rubuta suna. Muhammad a wata maƙala, Mohammed a wata. Yau mutum ya sa sunan mahaifinsa a ƙarshe, gobe ya sa sunan garinsu. Mace ta fara wallafa da sunan mahaifi, bayan aure ta koma sunan miji. Sau da yawa kuma edita a ƙasar waje yakan ɗauki sunan yanka a matsayin sunan dangi. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai ta buɗe wa kowane suna shafi dabam, ambaton ya warwatse.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Ki fara da yin rajistar ORCID, lambar shaidar marubuci mai alƙaluma 16 wadda aka fara bayarwa a 2012, ki zuba duk maƙalunki a ciki da duk siffofin da aka taɓa rubuta sunanki. Daga nan ki nemi kanki a Scopus da kowace siffa, ki yi amfani da shafin gyaran bayanan marubuci ki nemi a haɗe su wuri ɗaya. A Google Scholar kuma ki canza tsarin shafinki yadda ba zai ƙara maƙala ba sai kin amince. In aka bar shi yana zuba da kansa, zai ɗora miki aikin wata mai irin sunanki, kuma masu tantancewa na waje ba sa ɗaukar wannan da sauƙi. Daga yau ki tsaya a kan siffar suna guda da sunan ma'aikata guda, harafi da harafi.

Tambaya: Wata mujalla ta aiko mini da saƙo cewa Impact Factor ɗinta 7.482 ne, kuma za ta buga mini cikin mako guda in na biya. In tura? Daga wani mai harhaɗa magunguna a Sakkwato.

Amsa: Kada ka tura, Malam. Bitar masana ta gaskiya takan ɗauki makonni zuwa watanni, domin sai an nemo masu bita aƙalla biyu, sun karanta, ka gyara, an sake dubawa.

Shi wannan ma'auni na tasirin mujalla, wanda Eugene Garfield ya assasa, Clarivate ne kaɗai ke fitar da shi, sau ɗaya a shekara, a rahoton Journal Citation Reports. Lissafinsa: in mujalla ta buga maƙala 200 a 2022 da 2023, aka ambace su sau 300 a 2024, to tana da 1.5. Tun 2023 ma lamba ɗaya ake bayarwa bayan ɗigo, saboda haka wanda ya zo maka da uku a yau ya cancanci tuhuma. Gani ya kori ji: ɗauki lambar ISSN ta mujallar, wato lambar shaidarta, ka nema a Master Journal List na Clarivate da jerin mujallun Scopus, ka kuma tabbatar ba a cire ta ba, domin Scopus yana sallamar mujallun da suka lalace. Ka kwatanta adireshin intanet ɗinta da wanda ke cikin jerin, saboda akwai masu satar sunan mujallar kirki su buɗe shafin bogi. Ganin maƙala ɗaya a PubMed, rumbun neman maƙalun lafiya, ma ba shaida ba ce cewa MEDLINE, sashensa na mujallun da aka tantance, ya ɗauki mujallar, sai ka duba kundin NLM Catalog na Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka.

Ko da lambar ta gaskiya ce, mujalla take aunawa. Maƙalu kaɗan ne ke jawo mafi yawan ambaton kowace mujalla, sauran suna cin albarkacinsu. Wannan ne ya sa sanarwar DORA, wadda aka tsara a San Faransisko a 2012, ta nemi a daina auna mutum da lambar mujallar da ya buga a cikinta.

Tambaya: Shekara goma sha biyar ina bincike kan cutar noma da yoyon fitsari, h ɗina 9. Abokin aikina da ya zo bayana yana da 38. Shin aikina ba shi da tasiri ke nan? Daga wata likitar tiyata.

Amsa: Ko kusa, Likita, kuma wannan tambayar ce ta fi tsaya mana a rai. Yawan ambato yana bin yawan masu rubutu a fanni. Masu binciken ciwon daji da ciwon zuciya dubbai ne, kullum suna ambaton juna. Masu rubutu kan noma, cutar da ke cin fuskar yara masu fama da tamowa, 'yan kaɗan ne a duniya, kuma sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Nau'in maƙala ma yana da tasiri: maƙalar da ta tattara binciken wasu ta fi samun ambato a kan rahoton majiyyaci guda. Sannan akwai manyan ayyukan haɗaka irin su Global Burden of Disease, inda maƙala ɗaya take ɗauke da sunaye ɗaruruwa, kuma ma'aunin h yana ba kowannensu cikakken lada kamar shi kaɗai ya rubuta. Ba laifi ba ne shiga irin wannan aiki, amma kwamitin da ya san abin da yake yi yakan ware su ya lissafa h da su, ya kuma lissafa ba da su ba.

Ambato ma ba yabo ba ne koyaushe. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 da ta danganta rigakafin ƙyanda da cutar galahanga, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, amma an ambace ta sau da dama, da yawa don a ƙaryata ta.

Kowace ƙwarya da abokiyar burminta, don haka ki nemi ma'aunin da ke kwatanta ki da 'yan fanninki. FWCI na Scopus yana gwada maƙala da takwarorinta na fanni ɗaya, shekara ɗaya, nau'i ɗaya: 1.0 shi ne matsakaicin duniya, 1.5 na nufin ta zarce shi da rabi. RCR kuma, wani ma'auni mai kama da shi, kyauta ake samunsa a shafin iCite na Cibiyoyin Lafiya na Amurka ga maƙalun da ke PubMed. Bayan alƙaluma, ki zaɓi maƙala biyar mafi nauyi, ki rubuta layi uku ko huɗu a kan kowacce: rawar da kika taka, abin da aka gano, da inda aka yi aiki da shi. In an kafa hujja da ita a ƙa'idar jinya ta ma'aikatar lafiya ko manhajar horas da ungozomomi, ki haɗa kwafin shafin. Wannan tasiri ne da Scopus ba ya gani, kuma shi ne ya isa ga majiyyaci.

Tambaya: Laifi ne in ambaci maƙalata a sabon aikina? Daga wani ɗalibin digiri na uku.

Amsa: Ba laifi in sabon aikin a kan tsohon ya ginu. Abin da ake ƙi shi ne cusa ta inda ba ta da gurbi, ko yarjejeniyar “ambace ni in ambace ka”. Scopus da Web of Science duk suna iya cire ambaton kai da dannawa ɗaya, kuma masu tantancewa suna yin hakan.

Tambaya: Yawancin maƙaluna da Faransanci nake rubuta su, kuma ba na ganin ana ambatonsu. Me zan yi? Daga wani malamin jami'a a Damagaram.

Amsa: Malam, manyan rumbunan sun karkata ga Ingilishi, wannan kuwa yana tauye masu rubutu da Faransanci. A wajen ƙarin girma, ƙa'idojin CAMES, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a a yawancin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, su ne abin binka, sai ka fara da su. Don a riƙa ganin aikinka kuwa, kowace maƙala ta fita da take da tsakure da muhimman kalmomi na Ingilishi, ka zaɓo kalmomin daga MeSH, jerin kalmomin likitanci da PubMed ke amfani da shi. Ka fifita mujallar da ke ba da lambar DOI (lambar shaidar maƙala ta dindindin a intanet), wadda kuma ake samu a African Journals Online ko African Index Medicus, kuma ka ajiye kwafin da mujallar ta yarda a raba a rumbun jami'arku. Maƙala takan yi shekara biyu zuwa uku kafin ambatonta ya fara taruwa, don haka waɗanda ka buga bara, ka sake duba su baɗi.