Tayata ta yi ƙulu, mai faci ya ce in rage iska saboda zafi

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da BMW 335i ƙirar 2008, 'yar Amurka, bara na saye ta. Na kai an taɓa mata birenbos, wato kwamfutar inji, an ƙara mata ƙarfi, an cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, na sa mata rim 19 da tayoyi 'yan Beljiyam. Makon jiya a hanyar Zariya, ina kaiwa 140 sai sitiyari ya kama rawa a hannuna. Da na tsaya na ga tayar gaba ta dama ta yi ƙulu a gefe. Mai facina ya ce zafin bazara ne, ya rage wa duka huɗun iska, ya ce in riƙa lallaɓawa. Ga kuma wata fitila ruwan ɗorawa da ta ƙi mutuwa a dashbod. Wallahi tsoro nake ji, don da motar nake kai matata da 'yata gida Zariya. Ƙarin ƙarfin nan ne ya lalata min mota? In mayar da ita yadda take? Daga mai karatu a Barnawa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Tsoronka yana kan hanya, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka sake hawa titi. Ka ajiye motar nan a gida. Kada ka sa iyalinka a ciki, kai ma kada ka shige ta, sai dai tafiya a hankali zuwa inda za a canza tayar. Taya mai ƙulu a gefe ta riga ta mutu. Zaren da ke riƙe da jikinta ya tsinke a wannan wurin, siririn roba ne kaɗai ya rage tsakanin iskar ciki da waje. Ba a yi mata faci, ba a sa mata tib, ba a mayar da ita baya a ce ai can babu sitiyari.

Maganar injin gajeriya ce. Ba ƙarin ƙarfin ne ya kumbura maka taya ba. Injin motarka N54 ne, lita 3 mai turbo biyu, daga kamfani yana ba da ƙarfin doki kusan 300, kuma yana ɗaukar ƙari in an yi shi da ilimi. Abin da zan so ka tambayi wanda ya taɓa maka birenbos shi ne: don wane irin fetur aka rubuta tsarin da ya ɗora? Yawancinsu don fetur mai octane sama, wato mai jure matsi sosai a cikin inji, ake rubuta su, irin na Turai da Amurka, mu kuwa a gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, babu zaɓi. In ya kasa ba ka amsa, a mayar da ita yadda take, ko a sauke ta zuwa tsari mafi ƙasa. Ka kuma sa ido a kan famfon ruwa na lantarki da famfon mai na matsi, su ne sanannun raunin wannan inji. Indomin da aka cire maka kuwa, ƙara da warin hayaƙi ka samu, wanda ya cire shi ne ya ci riba, don ƙarafa masu tsada ne a cikinsa. A nan zan bar maganar inji, domin ba shi ne zai kashe ka ba.

Abin da ya tayar min da hankali a wasiƙarka shi ne mai facin nan da ya rage maka iska. Kullum sai na haɗu da wannan magana, daga direbobin tasha har masu digiri: wai in bazara ta shigo a sassauta wa taya iska don kada ta fashe. Ana faɗarta da cikakken tabbaci, uba ya gaya wa ɗa, oga ya gaya wa yaronsa, alhali kishiyar gaskiya ce. Ƙarancin iska ne ke fasa taya a lokacin zafi.

Ga yadda abin yake. Duk zagayen da taya ta yi, gefenta yana lanƙwasawa in ya zo ƙasa, ya miƙe in ya tashi. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ka ji ta yi zafi a hannunka kafin ta karye. Haka gefen taya yake. In iska ta cika daidai, lanƙwasawar kaɗan ce. In an rage, gefen ya riƙa durƙusawa sosai a kowane zagaye, kuma a gudun 140 tayarka tana zagayawa kusan sau 19 a daƙiƙa ɗaya. Zafin yana taruwa a ciki, inda hannu ba ya kaiwa, har robar ta saki wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin zanen. Ranar da ta saki gaba ɗaya, zanen ya ɓare ya bar taya. Ka haɗa wannan da kwaltar Kaduna zuwa Zariya da tsakar ranar watan Maris ko Afrilu, da mota cike da mutane da kaya.

Abin da ke ruɗin masu faci shi ne, in mota ta sha tafiya suka sa geji sai su ga iska ta hau da 4 ko 5, har 6. Sai su tsorata su sace. Wannan hawan ba matsala ba ne, da saninsa aka ƙera tayar, kuma lambar da kamfani ya rubuta ta taya mai sanyi ce. Taya lafiyayya tana ɗaukar ninkin ba ninkin abin da ake sa mata kafin iska kaɗai ta fasa ta. Wanda ya sace iska tana da zafi, gobe da asuba in ta huce za ta wayi gari ƙasa da ƙa'ida sosai, a fita da ita haka, ta ƙara zafi, a ƙara sacewa. Na sha ganin taya da aka sauke daga rim, cikinta cike da garin baƙin roba, gefenta ya cinye kansa, alhali daga waje tas take.

Ba a nan kaɗai aka ɗanɗana wannan ba. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, bayan zanensu ya riƙa ɓarewa a kan motocin Ford Explorer suna kifewa. Fiye da mutum 200 suka rasu. Akwai laifin ƙira a ciki, amma haɗurran sun fi yawa a jihohi masu zafi irin su Texas da Florida, an kuma gan su a Saudiyya da Venezuela, kuma babban abin da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai shi ne iskar 26 da Ford ya ce a riƙa sawa, wadda Firestone ya ce ta yi kaɗan. Daga wannan aka yi dokar da ta tilasta wa duk sabuwar mota a Amurka, tun daga watan Satumban 2007, ta zo da na'urar da ke kunna fitila in iska ta sauka da kashi 25 cikin 100. Motarka tana cikin sahun farko na waɗanda dokar ta shafa. Fitilar nan da ta ƙi mutuwa, in siffarta kamar kofaton doki ce da alamar motsin rai a tsakiya, ita ce. Ko dai iskar ce ta yi ƙasa da gaske, ko kuma lokacin da aka canza maka rim an bar na'urorin a jikin tsofaffin bawul. Kada ka yarda wani rewaya ya kashe maka ita ta kwamfuta ko ya manna mata baƙin tef. Rayukan mutane aka rasa kafin a sa wannan fitilar.

Kai kuma lamarinka ya fi na mai Corolla tsanani, saboda rim 19. Irin wannan rim taya mai gajeren gefe ake sa masa: mai lamba 35, alal misali, tsayin gefenta kashi 35 cikin 100 ne na faɗinta, wato a kan faɗin milimita 225 bai kai santimita 8 ba. Irin wannan ko ta rasa iska 10 ido ba ya gani, ƙafa ma in an buga ba ta ji. In ka faɗa rami da gudu, ɗan gefen nan sai ya matse tsakanin bakin ramin da bakin rim, zaren ya tsinke. Nan ƙulunka ya samo asali, kuma rage iskar da aka yi ya sa sauran ukun sun ƙara kusantar irin wannan. A titunanmu 18 ne iyakar abin da nake ba masu irin motarka shawara, 17 ma ya fi kwanciyar hankali.

Ba ina cewa a ɗura 50 ko 60 ba, kamar yadda wasu masu facin ke yi wa kowace mota da ta tsaya a gabansu. Wannan ma yana rage riƙon ƙasa, yana tsawaita birki. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake bi ba. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin, gaba da lambarta, baya da tata. Ita za ka bi, da safe kafin mota ta motsa, da gejinka na kanka. Gejin bakin titi da ya sha faɗuwa ƙasa ba abin dogaro ba ne.

Sai 'yan Beljiyam. Na san kuɗin sabuwar taya ya yi tashin gwauron zabi, kuma tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008, muka koma dogaro da abin da jirgin ruwa ya kawo. Amma mutumin da ya iya biyan kuɗin ƙara wa inji ƙarfi ba shi da uzurin sa tayar da wani ya jefar. Masu sayarwa za su nuna maka zane su ce duba, ko rabi ba ta ci ba. Zane ba ya faɗin shekaru. Nemi inda aka rubuta DOT a gefe, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 2316 na nufin mako na 23 na 2016. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana cewa shekara huɗu, kamfanonin mota da yawa suna cewa shida. Sannan ka duba ko akwai hoton dutse mai tsini uku da ƙanƙara a ciki. Wannan tayar hunturu ce, robarta an haɗa ta ne don sanyin da bai kai digiri 7 ba. A Jamus ana ba mutane shawarar su cire irinta in zanen ya sauka zuwa milimita 4, shi ya sa take iso mana da sauran kyan gani. Harafin da ke ƙarshen lambar girman tayar kuma shi ne iyakar gudunta, kilomita a awa: T 190, H 210, V 240, W 270, Y 300, kuma wannan alkawari ne na sabuwar taya mai cikakkiyar iska, ba na tsohuwa mai faci biyu ba.

Ku masu son motocin gudu duk kun san Paul Walker, jarumin finafinan tseren mota na Amurka. Porsche Carrera GT ɗin da ya rasu a cikinta a California a watan Nuwamban 2013, masu bincike sun ce gudu ne sanadi, tsakanin kilomita 130 zuwa 150, sun kuma rubuta cewa tayoyinta sun kai kusan shekara tara. Gudun da ka ce ka kai a hanyar Zariya yana cikin wannan tazarar.

Abin da ke ba ni takaici shi ne tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, amma ga su nan jibge a bakin titi da rana tsaka. An bar su sun wuce tashar jirgin ruwa, sun ƙetare shingaye daga Legas har Kaduna, sai a zo a tsare direba a duƙa ana karanta masa kwanan wata. Ban taɓa jin an tambayi mai faci wa ya koya masa ba, ko an gwada gejinsa, alhali rayukan mutane ke wucewa ta hannunsa daga safe zuwa dare. Ba raina sana'arsu nake ba, mutane ne masu neman halal, kuma abin da suka tarar ake yi shi suke yi. Sai dai jahilci a wannan wurin jana'iza yake jawowa, kuma in ta faru sai a ce taya ce ta fashe, ƙaddara ce, a rufe maganar. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya sace iska da hannunsa, da wanda ya sayar da tayar shekara goma ya rantse sabuwa ce, akwai tambaya a kansu gaban Allah. Kai ma ƙanena akwai ta a kanka. Doka ta ce 100 a babbar hanya. Nauyin da birki da taya za su tsayar a 140 ya kusa ninka na 100 sau biyu, kuma a kowace daƙiƙa kana cin mita 39, a hanyar da mai babur da mai tallan rake da garken shanu ke tsallakawa. Matarka da 'yarka amana ce, ba su suka zaɓi wannan sha'awar ba.

Rawar sitiyarin kuwa, abu uku nake zargi: tayar da ta lalace, rim da ya lanƙwashe a ramin da ya fasa ta, ko rim ɗin kasuwa da ramin tsakiyarsa bai zauna daidai a kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaure rim a jikinsa, ba. A sauke duka huɗun a juya su a injin balansin kana tsaye kana kallo. Rim da ya tsage a jefar da shi, kada a yi masa walda. Ka sayi sababbi huɗu iri ɗaya, V ko sama, ka karanta kwanan watansu da idonka kafin ka biya. In kuɗi bai kai ba, ka sayar da rim 19 ɗin ka cika. A yi alaimen, a canza man birki da DOT 4 in ya wuce shekara biyu. Motarka ta zo ne da tayoyin da ke iya tafiya ba iska, shi ya sa ba ta da safaya, don haka in ka koma tayoyi na gama-gari sai ka nemi safaya da jak ka ajiye a but. In an gama ka rubuto min lambobin da ke jikin sababbin tayoyin da abin da takardar ƙofa ta ce, mu duba tare kafin ka kama hanyar Zariya.